Aikin Sa Kai a Ƙasar Wasu: Daga Malaman Zango Zuwa Ƙwararrun da Abuja Ke Turawa

 A wannan karo ina so mu waiwayi tarihin wani al'amari da mu mazauna Abuja muke gani kullum, amma ba kasafai muke tsayawa mu tambayi asalinsa ba, wato aikin sa kai a ƙasashe masu tasowa. A garin nan akwai ofisoshin ƙungiyoyin da ke kawo baƙi daga Turai da Amurka da Asiya don su yi wa jama'a aiki, akwai kuma hukumar gwamnati da ke kwasar 'yan Nijeriya, likitoci da malamai da injiniyoyi, tana tura su wasu ƙasashe su yi irin wannan aiki. Tambayar da nake so mu bi diddiginta ita ce: me ke sa mutum ya bar iyalinsa da aikinsa ya tafi inda bai san kowa ba, ya yi shekara biyu yana wa baƙin ido hidima? Tambaya ce da ta shafe mu kai tsaye, domin mu jikokin fatake da 'yan zango ba mu da wani tarihi da ya wuce na barin gida, kuma 'ya'yanmu da ƙannenmu da suka yi karatu suna cikin masu cike takardun neman tafiya a yau.

Kafin zuwan Turawa

Mai karatu zai iya ɗauka cewa Turawa ne suka kawo mana wannan ɗabi'a. Tarihin ƙasar Hausa ya nuna akasin haka. Littafin tarihin sarakunan Kano ya kawo labarin Wangarawa, malaman da suka taso daga ƙasar Mali suka iso Kano zamanin Sarki Yaji a ƙarni na 14, suka koyar da salla, aka naɗa liman da ladan daga cikinsu. A ƙarshen ƙarni na 15 kuma, zamanin Muhammadu Rumfa wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Muhammad al-Maghili ya zo daga Tilimsan ta ƙasar Aljeriya ta yanzu, ya zauna a Kano, ya rubuta wa sarki nasiha kan yadda ake tafiyar da mulki. Babu wata hukuma da ta biya wa waɗannan bayin Allah kuɗin hanya. Neman lada ne ya taso su, tare da abin da malami ke samu na daraja da abin masarufi a duk inda ya sauka.

Da tafiya ta yi tafiya, sai Hausawa su ma suka zama masu kai ilimi wasu ƙasashe. Ayarin fataken goro da ke zuwa Gwanja ba ya rasa malami a cikinsa, shi ke ja musu salla, shi ke rubuta wasiƙa, shi ke raba gardama. Inda ayari ya yada zango ya daɗe, sai malamin ya kafa tsangaya, 'ya'yan masu gari su shigo su ɗauki allo. Fitacce a cikinsu shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya bi hanyar fatauci zuwa Salaga, bayan yaƙin basasar garin na 1892 ya koma Kete Karachi, inda ya yi limanci da karantarwa da rubuce-rubuce cikin Larabci da Hausa har Allah Ya yi masa rasuwa a 1934. Kakana na wajen uba irin wannan tafiya ce ta kai shi Kumasi, kuma har ya bar duniya bai taɓa raba cinikin goro da karantar da yara ba. A wurinsa abu ɗaya ne, ka nemi halalinka, ka kuma bar wa garin da ya karɓe ka wani abu.

A shekarar da Alhaji Umaru ya rasu ne, wato 1934, aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka ɗauko malamai daga Sudan su koyar a cikinta. Ita ce ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, kuma alƙalai da malaman Arewa da dama, ciki har da Shehu Abubakar Gumi, a nan suka yi karatu. Ke nan tun kafin samun 'yancin kai, baƙon malami ba sabon abu ba ne a wurinmu.

'Yan mishan da 'yan sa kai na zamani

Turawan da suka fara zuwa da sunan taimako 'yan mishan ne, kuma ba su ɓoye manufarsu ta yaɗa Kiristanci ba. Likita Walter Miller ya zauna a Zariya tun 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa. Ƙungiyar SIM ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943 da asibitin Galmi a Nijar a 1950, kuma har gobe talakawa, Musulmi da Kirista, suna cin moriyarsu. A 1966 wani likitan mishan ɗan Amurka, William Foege, yana aiki a yankin Ogoja lokacin da cutar agana ta ɓulla, ga shi allurar rigakafin da ke hannunsu ba ta isa kowa ba. Sai suka bi dabarar gano inda mai cutar yake, a yi wa na kewaye da shi allura. Wannan dabara ce aka faɗaɗa har aka ayyana kawar da agana daga duniya a 1980.

Aikin sa kai irin na zamani, wanda ba ruwansa da wa'azi, ya samo asali ne a ƙarshen mulkin mallaka. A 1958 Alec Dickson da matarsa Mora suka kafa ƙungiyar VSO a Ingila. Shi Dickson ya taɓa aikin wayar da kan jama'a a Afirka ta Yamma, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da ƙungiyar ta fara turo matasa. A Amurka kuwa, Shugaba John Kennedy ya sa hannu kan kafa Peace Corps ranar 1 ga Maris 1961, ya ɗora surukinsa Sargent Shriver a kai. Ayarin farko ya sauka a Accra a watan Agustan shekarar, kafin shekarar ta ƙare wani ayarin ya iso Nijeriya. Kanada ta kafa CUSO a 1961, Faransa ta kafa tata ƙungiyar a 1963, Japan ta bi sahu a 1965, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta kafa nata shirin a 1970.

Me ya sa duk suka taso a lokaci guda? Ƙasashen Afirka sun sami 'yanci, Turawan mulki suna tattara kayansu, makarantun sakandare na ƙaruwa amma babu isassun malamai. Ga kuma yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, kowa na neman abokai a cikin sababbin ƙasashe. Gwamnatocin da suka tura matasan nan don tuwon gobe suke wanke tukunya. Su kuma matasan kowa da abin da ya kawo shi. Akwai wanda tausayi ya taso, akwai mai son ganin duniya. Samarin Amurka da dama sun shiga ne zamanin yaƙin Biyetnam, domin shiga shirin kan sa a ɗage kiran mutum zuwa aikin soja. A Faransa ma doka ta ba saurayi damar zuwa koyarwa a ƙasa irin Nijar a madadin zaman bariki.

Katin Ibadan

Tun ba a je ko'ina ba aka sami darasin da har yau ake tunawa da shi. A watan Oktoban 1961, wata budurwa cikin ayarin farko na Peace Corps, Margery Michelmore, tana karɓar horo a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, ta rubuta wa wani abokinta a Amurka kati, tana kwatanta ƙazanta da talaucin da ta ce ta gani a gari. Katin bai kai gidan waya ba, ya faɗa hannun ɗalibai. Suka buga shi suka rarraba, suka yi gangami suna kiran baƙin 'yan leƙen asiri, jaridun duniya suka ɗauka. Dole yarinyar ta bar ƙasar. Shekara ɗaya ke nan da samun 'yanci, mutane ba su shirya jin raini daga bakin wanda ya ce taimako ya kawo shi ba. Hausawa na cewa baƙo ko yana da ido makaho ne. Abin da ta gani da idonta ta gani, amma ba ta ga mutuncin masu garin ba, shi ne kuwa abin da ya kamata ta fara gani.

Sai dai a cikin wannan ayari ɗaya akwai wani saurayi mai suna Paul Newman, wanda aka tura Maiduguri koyarwa. Zaman nan ne ya jefa shi cikin nazarin harsunanmu, ya dawo ya yi aiki a Kano, shi da matarsa Roxana suka jagoranci aikin ƙamus na Hausa zuwa Turanci da ya fito a 1977, a shekara ta 2000 kuma ya wallafa babban littafin nahawun Hausa. Haka ma Russell Schuh, wanda ya yi nasa aikin sa kai a Nijar, ya zama malamin Hausa a jami'ar Kalifoniya har ya rasu a 2016. Waɗannan sun zo bayarwa, sun koma da abin da ya riƙe su har ƙarshen rayuwa, kuma ba su taɓa musun haka ba.

Peace Corps ta rufe aikinta a Nijeriya a 1976, ta dawo a 1992, ta sake ficewa a 1995. A Nijar ta zauna tun daga 1962, 'yan sa kanta suna zama a ƙauyukan Maraɗi da Damagaram, suna jin Hausa, ana raɗa musu sunayen gida, har zuwa Janairun 2011 da aka sace wasu Faransawa 2 a Yamai, aka kwashe su baki ɗaya.

Nijeriya ta shiga sahu

A cikin gida, Janar Yakubu Gowon ya kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973 don ɗinke ɓarakar yaƙin basasa. Wannan dole ne a kan wanda ya gama jami'a, amma ya saba wa dubban matasa da zama a inda ba garinsu ba. A waje kuwa, tun da wuri Nijeriya ke ba da aron ƙwararrunta. Mai shari'a Udo Udoma ya zama Babban Jojin Uganda a 1963, Akinola Aguda ya riƙe irin wannan muƙami a Botswana daga 1972. Da kuɗin man fetur suka shigo, sai taimakon ya koma na tsabar kuɗi. Gwamnatin Janar Murtala ta tallafa wa Angola a 1975, a 1976 kuma aka ajiye dala miliyan 80 a Bankin Raya Afirka don ba ƙasashe marasa ƙarfi rance mai sauƙi.

Zuwa tsakiyar shekarun 1980 farashin mai ya faɗi, aljihun gwamnati ya yi sauƙi. A nan ne Ministan Harkokin Waje na gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, Farfesa Bolaji Akinyemi, ya kawo shawarar a daina miƙa kuɗi, a riƙa tura mutane. Hujjarsa a fili take. Kuɗi kan shiga hannun shugabanni su ɓace, talakan ƙasar bai ma san an bayar ba, amma likitan da ya duba ɗanka ko malamin da ya koyar da 'yarka ba ka mance daga inda ya fito. Haka aka kafa shirin tura ƙwararru da aka fi sani da TAC a 1987, lokacin ma'aikatar tana Legas, domin sai ranar 12 ga Disamba 1991 gwamnati ta taso zuwa Abuja. An ba shirin gindin zama da doka mai lamba 27 ta 1993.

Tsarin ba shi da wuyar ganewa. Ƙasa daga Afirka ko yankin Karibiyan ko tsibiran Fasifik ita ke rubutowa ta faɗi irin ma'aikatan da take buƙata. Hukumar ta yi talla, ta tantance, ta tara waɗanda aka zaɓa a Abuja a yi musu bita, sannan su tashi. Wa'adin shekara 2 ne. Nijeriya ke biyan kuɗin jirgi da alawus, ƙasar da ta roƙa kuma ita ke ba da masauki. Ta wannan hanya 'yan Nijeriya sun yi aiki a Gambiya da Saliyo da Uganda da Zanzibar da Habasha da Namibiya, har Jamaika da Beliz da Fiji. Jami'ar Musulunci da ke Mbale a Uganda na cikin wuraren da suka daɗe suna karɓar malamai ta wannan shiri. A 2023 aka naɗa Yusuf Buba Yakub, tsohon ɗan majalisar wakilai daga Adamawa, ya shugabanci hukumar.

Akwai kuma tafiyar da ta fi kowace haɗari. A Yulin 2014 cutar Ebola ta shigo Legas ta hannun wani matafiyi daga Laberiya. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ciki har da Likita Stella Adadevoh wadda ta hana majinyacin fita daga asibiti. Ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta rabu da cutar. Kafin shekarar ta ƙare, ma'aikatan lafiyar Nijeriya sun sa kansu sun tafi Laberiya da Saliyo ƙarƙashin Tarayyar Afirka, a daidai lokacin da kamfanonin jiragen sama da dama suka daina zuwa can.

To, me ke kai namu?

Na zauna da waɗanda suka je suka dawo ba sau ɗaya ba, a masallacin unguwarmu da wajen ɗaurin aure, kuma masu gaskiyar cikinsu ba sa ɓoye cewa dala na cikin lissafi. Kada mai karatu ya manta, an haifi shirin TAC ne shekara ɗaya bayan shigowar tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, wanda ya karya darajar naira ya mayar da albashin malamin jami'a abin tausayi, har likitocinmu suka riƙa kwarara Saudiyya. Ga wanda ke karɓar naira, alawus na kuɗin waje har shekara 2 na iya zama fili ko ginin gida ko kuɗin makarantar yara. Wata malamar jinya da ta yi aiki a Gambiya ta taɓa gaya min cewa da niyyar rufin gidanta ta tafi, amma abin da ya hana ta barci ran da za ta dawo shi ne tunanin wa zai karɓi haihuwa a ƙauyen bayan ta.

Bayan kuɗi akwai neman ƙwarewa, domin ƙaramin likita da zai yi shekaru yana jiran layi a babban asibiti a gida, can shi ne komai da komai. Akwai son ganin duniya, tafiya kuwa mabuɗin ilimi ce. Akwai mai gudun wata damuwa ta wurin aiki ko ta gida. Akwai kishin Afirka, musamman ga waɗanda suka tashi zamanin yaƙi da wariyar launin fata. Sannan akwai neman lada, wanda a wurin mutanenmu shi ne kalmar da aka fi furtawa. A ganina cuɗanyar waɗannan dalilai ba abin kunya ba ne. Haka Wangarawa suka zo, haka Alhaji Umaru ya tafi, haka samarin Kennedy suka sauka. Niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take. Abin da mutanen gari za su iya aunawa shi ne aikin da aka yi musu da kuma yadda aka ɗauke su.

Gida bai ƙoshi ba?

Akwai masu sukar shirin da cewa gida bai ƙoshi ba an kai wa dawa, kuma maganarsu abin dubawa ce. Duk wanda ya kai mara lafiya asibitin gwamnati a Kubwa ko Nyanya ko Gwagwalada ya san yadda layi yake, ballantana ƙauyukan Zamfara, inda a 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400, kuma ƙungiyar likitocin MSF daga waje ce ta tsaya a kan jinyar waɗanda suka rage. Yaya ƙasar da ke karɓar taimako za ta riƙa bayarwa?

Amsata ita ce, waɗanda hukuma ke turawa na shekara 2 ba su ne suka kwashe mana likitoci ba. Waɗannan da wa'adi suke tafiya, yawancinsu kuma su dawo bakin aikinsu. Asarar gaske tana wajen dubban da ke ficewa Ingila da Kanada da Saudiyya ba da niyyar dawowa ba, maganin wannan kuwa albashi ne da kayan aiki da tsaro. Inda nake ganin masu suka sun yi daidai shi ne wajen tambayar me ake yi da ilimin waɗanda suka dawo. Mutum ya yi shekara 2 yana riƙe da asibitin karkara shi kaɗai a wata ƙasa, ya dawo a mayar da shi kan teburinsa na da, babu wanda ya tambaye shi me ya koyo. Da za a riƙa ɗora irin waɗannan a kan cibiyoyin lafiya da makarantun karkararmu, da gida ma ya ci ribar tafiyar.

Kammalawa

Ga ƙannenmu da 'ya'yanmu masu niyyar tafiya, ga abin da tarihin nan ya koya min. Ka tabbata kana da sana'ar da ake buƙata a can, domin kyakkyawar niyya ba ta ɗinke rauni. Ka bi ta hukumar da aka sani, ka karanta takardar yarjejeniya da kyau, ka san wa zai biya ka, wa zai ba ka masauki, kada ka ba wani ɗan kamasho kuɗi da sunan zai sama maka gurbi. Ka shirya wa iyalinka abin da za su riƙe kafin alawus ya fara shigowa. In ka sauka, ka fara da koyon gaisuwa da harshen mutanen, ka nemi masu gari ka gaishe su kamar yadda kakanninmu ke fara sauka wurin sarkin zango. Ka koya wa ɗan gari aikin da kake yi tun daga watan farko, don kada wurin ya mutu ran da ka tashi. Sannan ka kiyaye harshenka da abin da kake ɗorawa a Facebook da WhatsApp game da talaucin mutanen da suka karɓe ka, domin katin Ibadan hannu ɗaya ya faɗa, na yau kuwa duniya ce ke karantawa cikin minti ɗaya.

Mu kuma da muke zaune a garin da ba a nan aka binne cibiyarmu ba, mun fi kowa sanin zafin a kira mutum baƙo da daɗin a karɓe shi. In aka turo ɗan hidimar ƙasa makarantar unguwarmu, ko wata baƙuwar malamar jinya asibitinmu, mu zama na farko wajen kai musu ruwa da nuna musu hanya.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka yi wannan tafiya kafin mu, Ya kai matafiya lafiya, Ya dawo da su lafiya. Sai mun sake saduwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.